Sai ganyen ya ruɓe kafin a dunƙula shi

Ka tambaya ko za ka iya niƙe ganye da ciyawar da ake sharowa daga titunan gari, ka dunƙula su ƙwaya-ƙwaya, ka zuba a gona kai tsaye. A'a ɗan'uwa, sai sun ruɓe sun zama taki tukuna. Tsince leda da kwalabe, ka sassare rassan, ka gauraya busasshen ganye da ɗanyar ciyawa, kana yayyafa ruwa kana juya tarin. In zafin cikinsa ya kai digiri 55 na kwanaki, yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta sun mutu. Bari ya huce ya yi baƙi, sannan ka tankaɗe ka sa a injin dunƙulawa.

Ni gaggawa ta taɓa ja mini asara. Na dunƙula takin da bai gama nuna ba, ƙwayoyin suka yi fumfuna a buhu, da na buɗe sai ɗumi da tsami suka buge ni. Wanda na riga na zuba kuwa ya ci gaba da ruɓewa a ƙasa, yana janye sinadarin naitirojin da shuka ke buƙata, har ganyenta ya koma rawaya.