Zazzaɓi da ciwon kwiɓi: ba kullum ba ne maleriya

Tambaya: Likita, kwana huɗu ke nan ina fama da zazzaɓi da makyarkyata, ga ciwo a kwiɓina na dama. Kafin nan na yi ta jin zafin fitsari. Na sha maganin maleriya daga kemis, shiru kake ji. (Wata matar aure, Zariya)

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Yadda kika jero abin, zafin fitsari da farko, sannan zazzaɓi da ciwon kwiɓi ɗaya, ya sa nake zargin ƙwayoyin cuta sun hau daga mafitsara zuwa ƙoda. Galibi ƙwayar E. coli ce, wadda ke zaune a hanji. Ta fi samun mata saboda hanyar fitsarinsu gajera ce, kusan santimita 4, ga ta kusa da dubura. Shi ya sa muke cewa a riƙa tsarki daga gaba zuwa baya.

A asibiti likita zai ɗan bubbuga bayanki, daidai ƙasan haƙarƙari. In ƙodar ce, sai kin zabura. Za a karɓi fitsarinki a auna, a kuma shuka shi, wato a raini ƙwayar cutar da ke cikinsa a ɗakin gwaji, don a gano maganin da zai kashe ta. Sakamakon kan ɗauki kwana 2 zuwa 3, amma ba a jira, nan take ake fara magani. Ki je yau. In amai ya hana ki riƙe magani a ciki, ko fitsari ya ragu, ko jiri na ɗibarki, to gado za a ba ki, a sa ƙarin ruwa da allurai, don cutar kan shiga jini.

Tambaya: Ni ma ƙwayoyin cuta sun kama mini ƙoda, an rubuta mini maganin kwana 10, na ji garau a kwana na uku. In daina? (Wani magidanci, Maraɗi)

Amsa: A'a Malam, ka shanye shi tas. Zazzaɓi kan sauka cikin kwana 2 zuwa 3 alhali ƙwayar ba ta mutu duka ba. Don ciwon, farasitamol ya isa. Ka guji diclofenac da ibuprofen, suna wahalar da ƙoda. Sannan wannan cuta ba ta cika kama namiji haka kawai ba. Ka nemi a yi maka hoto a duba ko akwai tsakuwa a hanyar fitsari ko kumburin furostet (wata gaɓa ta maza da ke ƙasan mafitsara), a kuma auna suga.

Tambaya: Cikina wata shida, a wurin awo aka ce akwai ƙwayoyin cuta a fitsarina, alhali ba inda ke min ciwo. Kakata ta ce sanyi ne, in sha jiƙo. (Wata mai juna biyu, Kano)

Amsa: Da girmamawa ga kaka, ki ajiye jiƙon nan. Ciki yana sassauta bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, mahaifa kuma ta danne shi, sai fitsari ya riƙa kwanciya, ƙwayar ta samu hanyar hawa. In ta kai ƙoda tana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Ki sha abin da aka rubuta miki a wurin awo kaɗai, don wasu magungunan, irin su ciprofloxacin, ba a ba mai ciki. Bayan kin gama, ki koma a sake auna fitsarin.