Komawa gefen birni na sama wa mata baƙar fata aiki a Amurka?

'Yar'uwa, kin tambaya ko mace baƙar fata mai ƙaramin ƙarfi takan fi samun aiki idan ta bar tsakiyar birni ta koma unguwannin gefe. An gwada abin har sau biyu, sakamakon ya sha bamban.

A Chicago, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1976 a shari'ar Gautreaux kan wariyar launin fata a gidajen da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, an taimaka wa iyalai kusan 7,000 suka bar gidajen gwamnati. James Rosenbaum na Jami'ar Northwestern ya bi sawunsu, ya tarar matan da suka koma gefen birni sun fi waɗanda suka koma wasu unguwanni a cikin gari samun aiki. Wasunsu sun ce a da tsoron barin yara a unguwar ne ya hana su fita nema.

Amma shirin gwamnatin tarayya na 1994, wanda ya taimaka wa iyalai a birane biyar su koma unguwannin da talauci bai yi yawa ba, bai ƙara wa iyaye mata aiki ba, sai dai kwanciyar hankali. Ni rashin mota nake zargi. Can bas ba ta wadata ba, ga kakar da ke riƙe yara an baro ta a tsohuwar unguwa, haka ma maƙwabciyar da kan tsegunta miki inda ake ɗaukar ma'aikata.