Amsa: Cahokia da tsohon cocinta

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai sauran alamar Faransawa a Cahokia ta jihar Ilinois a Amurka. Akwai kuwa. Limaman Katolika Faransawa daga Kwibek ta Kanada ne suka kafa mishan a wurin a 1699, domin wa'azi ga ƙabilun Tamaroa da Cahokia. Cocin Holy Family da ke tsaye yau an gama shi a 1799, da gumakan itace a tsattsaye, irin ginin Faransawan yankin, kuma har yanzu ana ibada a ciki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, Ingila ta karɓi yankin a 1763, Amurka ta biyo baya, amma ikilisiyar ba ta watse ba.