Ina son barin Instagram da TikTok don samun kwanciyar hankali: in goge shafukan ko in dakatar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara huɗu ke nan ina tallata atamfofi da kayan kwalliya na 'yan kasuwa a Instagram da TikTok, mabiyana sun haura 90,000, kuma da kuɗin tallan nake rufa wa kaina da iyayena asiri. A watannin nan barci ya ƙaurace mini. Nakan farka ƙarfe uku na dare in duba mutum nawa suka kalli bidiyon da na ɗora, idan kuwa na ga zagi ɗaya a cikin sharhi ɗari, sai in wuni ina juya shi a raina. Na yanke shawarar barin harkar. Shin in goge shafukan gaba ɗaya ne, ko akwai wata hanya? Me zai faru da hotunana da sunan shafina? (Wata baiwar Allah daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kawo sauƙi. Shawararki ba gazawa ba ce, kuma ba ke kika fara ba. A shekarar 2015 wata matashiya 'yar Ostareliya mai suna Essena O'Neill, wadda mabiyanta a Instagram suka haura rabin miliyan, ta goge dubban hotunanta ta fita, bayan ta sake rubuta bayanin waɗanda ta bari tana faɗin yadda aka biya ta kuɗi da irin wahalar da ta sha kafin a sami hoto ɗaya mai kyau. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun sa wasu ɗalibai suka taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana har mako uku, sai aka ga kaɗaici da ƙuncin rai sun ragu a tare da su. Hutu yana da amfani. Abin da nake roƙonki kawai shi ne kada ki goge komai a yanzu.

Manhajojin nan suna da ƙofofi biyu, dakatarwa da gogewa. Idan kika dakatar da shafinki na Instagram, hotunanki da sharhinki da mabiyanki duk za su ɓuya daga idon jama'a, amma suna nan a ajiye har ranar da kika sake shiga da kalmar sirrinki. Sai dai sau ɗaya kawai ake iya dakatarwa a mako. Ana samun wannan zaɓi a cikin saiti, a sashen Accounts Center, wurin da ake kula da mallakar shafi. TikTok ma tana da dakatarwa a sashen asusu. Gogewa kuwa tana da wa'adin kwana 30 a dukansu biyu, wanda a cikinsa za ki iya canza ra'ayi, amma da zarar ya cika, aikin shekara huɗu ya tafi ke nan, kuma babu mai gyaran waya da zai dawo miki da shi, ko da ya yi miki rantsuwa.

Batun sunan shafi ne ya fi damuna, domin na ga illarsa da idona. Wata mai sayar da leshi ta taɓa kawo mini wayarta tana kuka. Ta goge shafinta cikin ɓacin rai bayan wata rigima, bayan 'yan makonni kuma sai abokan cinikinta suka fara kiranta suna tambayar kayansu. Ashe wani ne ya buɗe sabon shafi da ainihin sunan da ta bari, ya kwaso tsofaffin hotunanta daga wurin mutanen da suka taɓa yaɗa su, ya sa lambar asusun bankinsa. Wata tsohuwa ta turo mata hoton rasidin kuɗin leshin bikin 'yarta, ita kuwa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Sunan shafin da aka goge yana iya komawa hannun duk wanda ya riga nema, alhali wanda aka dakatar yana nan a hannun mai shi. Mai mabiya 90,000 ba za ta bar sunanta a titi ba.

Kafin ki dakatar, ki nemi kwafin bayananki. Instagram da TikTok duka suna ba da damar sauke su daga cikin saiti, kuma shirya su yana iya ɗaukar sa'o'i ko kwanaki, sannan mahaɗin da za su ba ki ba ya daɗewa yake daina aiki, don haka ki sauke da zarar ya zo, ki ajiye a kwamfuta ko filas. Bidiyoyin da kike ji da su kuwa gara ki adana su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ki waiwayi 'yan kasuwar da suka biya ki kuɗin talla: wanda ba ki yi masa aikinsa ba, ko ki cika masa ko ki mayar masa da kuɗinsa, domin amana ce, kuma bashi irin wannan shi zai riƙa jawo ki baya. Ki yi sanarwa guda, gajeriya, cewa za ki tafi hutu daga rana kaza, kuma duk wanda ya nemi kuɗi da sunanki bayan ranar ba ke ba ce. Ba dole ne ki faɗi dalili ba. Ki bar sanarwar kwana uku ko huɗu, kada ki tsaya karanta abin da ake cewa a ƙarƙashinta.

Ki sauya kalmar sirri, ki kunna tantancewa mai mataki biyu (wato a riƙa neman wata lamba ta musamman bayan kalmar sirri kafin a shiga shafin), ki kwafe lambobin ko-ta-kwana da manhajar za ta ba ki a takarda. Ki tabbata layin da kika buɗe shafukan da shi yana aiki, saboda kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, wanda ya saya kuma zai iya karɓar lambar shiga shafinki.

Bayan haka sai ki cire manhajojin daga wayar ɗungurungum. A kwanakin farko za ki ga babban yatsanki yana zuwa daidai gurbin da alamar Instagram take, ba tare da kin aike shi ba. Sabo ne, kuma yana raguwa. Ki riƙa sa wayar caji a falo, ki nemi ƙaramar waya mai madannai saboda kiran dare da farkawar asuba. Ki kula da WhatsApp, domin nan ne ƙawaye za su riƙa turo miki hoton abin da aka faɗa a kanki, kuma ya kamata ki roƙe su tun wuri su daina. Digital Wellbeing a Android ko Screen Time a iPhone za su nuna miki inda sa'o'inki suka koma.

Idan kuɗin shigar ne matsala, kina iya barin shafin a buɗe ki wakilta ƙanwarki ko wata amintacciya ta riƙa ɗora hotunan kaya kawai. Shafin kasuwanci na Instagram da aka haɗa da Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan kasuwanci ta kamfanin da ya mallaki Instagram, yana ba da damar a ba wani izinin ɗorawa da amsa saƙo ba tare da an ba shi kalmar sirri ba. Sai dai a ganina ki fara yin cikakken wata ɗaya a dakace tukuna, domin muddin shafin yana buɗe, zuciya ba za ta daina son leƙawa ba.

Ni aikina waya da kwamfuta ne, amma ba zan ɓoye miki ba: idan rashin barcin da ƙuncin rai suka wuce mako biyu bayan kin ajiye manhajojin, ko kika daina jin daɗin abinci da mutane, ki ga likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na wannan fanni a Barnawa, Kaduna. Idan tunanin cutar da kai ya zo miki, ki sanar da wani na kusa da ke a take, ku tafi asibiti ranar.

Tambaya: Malam, ni a YouTube nake, kuma ina son hutun watanni. Za a cire ni daga tsarin biyan kuɗi? (Wani matashi daga Maraɗi)

Amsa: YouTube ta tanadi ikon janye biyan kuɗi daga tashar da ta yi wata shida ko fiye ba a ɗora komai ba. Mafita ita ce ka shirya bidiyo uku ko huɗu tun yanzu, ka sa musu ranakun da za su fita da kansu, ɗaya a kowane wata, ka kuma saita sharhi ya riƙa jiran amincewarka kafin ya bayyana. Kada ka ɓoye tashar, domin tsofaffin bidiyoyinka za su ci gaba da kawo kuɗi muddin ana kallonsu, kuma za a turo maka ta AdSense, tsarin biyan kuɗin talla na Google, idan abin da ya taru ya kai dala 100.