Direban bas a Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi

Ƙanena, na ga saƙonka. Biza ta fito, karatu zai fara a watan Satumba, kana tambaya ko ka canjo fam dubu biyu ka ɗauro a ƙugu, tunda ka ji ana cewa katin naira ba shi da tabbas a waje. Barka da arziki, Allah ya sa a fara a sa'a.

Kada ka kwaso su duka. Fam ɗari biyu ko uku sun ishe ka kwanakin farko, sauran a turo maka idan ka buɗe asusu a nan. Tun watan Yulin 2014 bas ɗin Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi. Ko fam hamsin ka miƙa, direba na'urar taɓa kati mai ruwan ɗorawa zai nuna maka da hannu, mutanen da ke bayanka kuma su yi ta kallon agogo. Shagunan shayi da yawa ma haka suka koma.

Waɗanda za ka canjo ɗin kuma, ka shafa su da hannunka. Takardun fam 20 da fam 50 na da sun daina aiki tun 30 ga Satumban 2022, yanzu sai masu santsi kamar leda. Wani yaro da na tarba bara, ɗan canji ya haɗa shi da tsofaffi guda shida, mai shago ya ƙi karɓa, sai da muka je Babban Bankin Ingila muka bi layi aka musanya. Wuni guda ya tafi a banza.

Da ka sauka filin jirgin saman Heathrow, nemi katin Oyster, wato katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa na Landan, a tashar jirgin ƙasa, ka zuba masa fam ashirin, ka hau layin Piccadilly. Yana da jan jiki amma shi ne mai araha. Ka taɓa katin wajen shiga, ka taɓa wajen fita, ko da ka tarar da ƙofa a buɗe. In ka manta, kuɗin tafiya mafi tsada za a yanke maka. Ni sau biyu na sha wannan bulalar kafin na yi hankali. A bas kuwa shiga kawai ake taɓawa, kuma in ka canja wata cikin awa ɗaya ba a sake caji.

Abin da ke cin baƙi shi ne haɗa kati biyu. Akwai iyakar da in ka kai a rana ba a ƙara cire maka komai, amma lissafin na kati ɗaya ne. Ka biya da waya da safe, ka biya da kati da yamma, na'ura mutum biyu take gani. Kuma kada ka manna walat gaba ɗaya, tana iya cafkar wanda ba ka nufa ba.

Katin nairarka taho da shi, ka je bankinka ka tambayi iyakar da suka sa, amma kada ka jingina da shi. Idan makaranta ta gama yi maka rajista, nemi Oyster na ɗalibai, ana rage kashi 30 cikin ɗari a tikitin mako ko na wata.

Turo min ranar da lambar jirgin. A gaida Hajiya, a ce mata kilishi dai kada a sako, kwastan ba sa barin nama ya shigo.