Filin Tambaya da Amsa: Ɗalibi zai iya zaga Singafo da jakar goyo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Katsina ne ina karatun digiri na biyu a Kuala Lumpur, hutu ya kusa kuma kuɗin jirgin zuwa gida ya fi ƙarfina, shine nake so in goya jakata in leƙa Singafo tunda gata nan kusa, amma duk wanda na faɗawa sai yace garin masu kuɗi ne in rufa wa kaina asiri. Dan Allah da gaske talaka bazai iya ba? Kuma ya maganar abincin halal da wurin sallah? Ɗanka daga Maleshiya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya bada sa'ar karatu. Masu cewa akwai tsada basu yi ƙarya ba, amma tsadar a wuri ɗaya ta taru, wato wurin kwana. Ƙasar gaba ɗayanta murabba'in kilomita ɗari bakwai ne da 'yan kai, mutane kuma sun haura miliyan 6, toh kaga duk taƙin ƙasa kuɗi ne. In ka iya da gado, sauran wallahi da sauƙi, dan su kansu 'yan garin ba a otal suke cin abinci ba kuma mafi yawansu basu da mota.

Fara da takardu kafin komai. Mai fasfon Najeriya sai da biza, ba a bayarwa a bakin iyaka, dan haka ka nema tun kana Kuala Lumpur ta hannun ejan ɗin da ofishin jakadancinsu ya amince da shi. Akwai kuma fom ɗin SG Arrival Card da ake cikewa ta intanet cikin kwana 3 kafin shiga, kyauta ne a shafin hukumar shige da ficensu ta ICA, kar wani shafi ya karɓi kuɗinka akansa. Ka tambayi ofishin ɗalibai na makarantarku ko bizar karatunka ta yarda ka fita ka dawo. Wanda kuma zai taso kai tsaye daga gida sai ya riƙe katin rigakafin shawara.

Hanya kuma bas ce mafi arha. Shawarata ka hau daga tashar TBS ta Kuala Lumpur ka sauka Johor Bahru, garin Maleshiya da ke bakin iyaka, daga nan ka shiga bas ɗin gari da ke tsallaka gada zuwa Woodlands, mashigar Singafo, dalili kuwa dogayen bas ɗin nan basa daɗewa suna jiran fasinja a wurin duba fasfo, mu kuma masu koren fasfo wani lokacin ana ɗan tsayar da mu da tambayoyi, kana fitowa ka tarar motarka ta tafi, amma bas ɗin gari in wannan ta wuce wata na zuwa. Kar ka tsallaka da sassafe ranar aiki, lokacin ne ma'aikata daga Johor suke ɗunguma zuwa aiki, layin sai ka gani. Ka ajiye shaidar kama masauki da tikitin komawa a waya.

Toh gado. Nemi hostel a unguwar Little India ko Kampong Glam ko Lavender ko Chinatown, irin ɗakin haɗaka mai gado sama da ƙasa, ko na kafsul da zaka shiga ka ja labule. Ka sa a lissafi dala 30 zuwa 50 ta Singafo duk dare, ƙarshen mako ya fi tsada, kuma ka kauce wa satin tseren motoci na Formula 1 da ake yi wajen Satumba ko Oktoba dan a lokacin komai tashi yake. In wani ya ce zai baka hayar ɗaki a gidansa na kwana biyu uku a arha ka bari, dokarsu ta hana bada hayar gida ƙasa da wata 3. Tafi da ɗan kwaɗonka saboda loka, wato akwatin ajiye kaya.

Abinci shine inda nake so ka saurare ni sosai, dan nan ne mutanenmu suke asarar kuɗi saboda tsoron haram sai su ƙare a gidajen abincin manyan kantuna, inda ake ƙara maka kashi 10 na hidima da harajin GST kashi 9 akan abinda ka gani a menu. Ka nufi abinda suke kira hawka senta, babbar rumfa ce mai ɗan shaguna jere da tebura a tsakiya da fankoki a sama, kowa ya sayi nasa ya zauna inda ya samu, har UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin kayan gadon duniya a 2020. Faranti ɗaya dala 4 zuwa 7, kuma abinda aka rubuta shi zaka biya. A Tekka Centre da ke Little India akwai biriyani da roti prata na Indiyawa Musulmi, a kasuwar Geylang Serai kuma kusan komai na Malayawa ne, nasi lemak da nasi padang waɗanda ka riga ka saba dasu a Maleshiya. Abinda zaka duba a jikin shago shine takardar halal ta hukumar Musulunci ta ƙasar wato MUIS, ko ka ga an rubuta cewa mai shagon Musulmi ne. In rubutun kawai cewa yayi babu naman alade babu kitsensa, wannan bai gaya maka yadda aka yanka kazar ba, gara ka wuce gaba.

Zaka ga tebur babu kowa amma an ajiye ƙunshin tishu ko lema akan kujera, kar ka zauna, mai wurin yana layin abinci, haka suke kama wuri, kamar dai yadda ake shimfiɗa darduma a sahun Juma'a a tafi alwala. In ka gama ka ɗauki tirenka ka kai inda ake ajiyewa, tun 2021 doka ce, kuma wurin ajiye na halal daban yake. Ruwan famfonsu ana sha lafiya lau, ka riƙe gora ka dinga cikawa.

Sallah ba matsala ko kaɗan, Musulmi sun kai kusan kashi 15 cikin ɗari na 'yan ƙasar. Masallacin Sultan mai ƙubbar zinare a Kampong Glam, wanda ginin yanzu aka kammala shi a 1932, ina so ka samu Juma'a a can in ta kama, kana fitowa ga gidan abincin Zam Zam a tsallaken titi da murtabak ɗinsu, wata fankasuwar gurasa ce mai nikakken nama da ƙwai da albasa a ciki, guda ɗaya zai riƙe ka har dare. Akwai Masallacin Abdul Gafoor a Little India da Masallacin Jamae a Chinatown.

Zirga-zirga ka manta da tasi. Jirgin cikin gari na MRT da bas sun kai ko'ina, katin bankinka na Visa ko Mastercard mai taɓawa yana aiki a ƙofa, ko ka sayi katin EZ-Link, tafiya ɗaya bata cika wuce dala 2 da 'yan kai ba. Wuraren kallo kuwa mafi kyansu kyauta ne: Lambun Botanic Gardens, gunkin Merlion a bakin ruwa, wasan fitilu a ƙarƙashin manyan bishiyoyin ƙarfe na Gardens by the Bay ƙarfe 7:45 da 8:45 na dare, ruwan da ke zubowa daga rufi a Jewel na filin jirgin Changi, da tsibirin Sentosa in ka taka da ƙafa ta gadar da ta tashi daga babban kantin VivoCity. Ka fita da sassafe ko bayan la'asar, tsakar rana akwai zafi mai gumi kuma ruwan sama baya sallama.

Abinda zai iya cinye maka kuɗin tafiyar gaba ɗaya a minti ɗaya shine tara. Ci ko sha a cikin MRT ko tasharsa, ko da ruwa ne, tararsa tana kaiwa dala 500. Sigarin lantarki doka ta hana ko riƙe shi, yar da shara a titi ma tara ce. Sai babbar, kuma dan girman Allah ɗana ka riƙe wannan: kar ka karɓi saƙon kowa ka tsallaka da shi, ko abokin ɗakinka ne, ko an ce maka magani ne ko tsaraba. Hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne kuma suna zartarwa, a Janairun 2007 sun rataye wani matashi ɗan Najeriya duk da roƙon da shugaba Obasanjo yayi musu. Jakarka kai zaka shirya ta da hannunka, kuma kar ka barta a hannun wani a tasha ko da zaka shiga bayi ne.