Amsa ga taubashina: wa ke mulkin Togo, kuma me ya sa Zongo ba ta hayaniya?

Taubashi, saƙonka ya iso, na yi dariya har sai da uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya. Wai ka ji a rediyo Togo na da shugabanni biyu, kana tambaya ko rabon gado muka fara tun mai dukiyar na raye. Ka kuma ƙara da tsokanar da ka saba, wai mu Hausawan Zongo, unguwar baƙi ta Lome babban birnin ƙasar, raƙumi da akala ne, duk wanda ya hau mun bi. Ta farkon ba wuya. Ta biyun ce za ta ci mini takarda.

Ka fara sanin girman wurin. Togo siririya ce kamar tsinken tsire, bakin tekunta bai kai kilomita 60 ba, amma daga Lome zuwa Sinkase, iyakar Burkina Faso, tafiyar yini ce cur. Ƙidayar 2022 ta ba mu mutum miliyan 8 da 'yan kai, wato jiharku ta Kano kaɗai ta fi mu jama'a. A ƙasa irin wannan, in ka yi tari a kasuwa, kafin la'asar an ji a fada.

Shugabanni biyun gaskiya ne a takarda. A 2024 aka sauya tsarin mulki, aka koma irin na majalisa. Yanzu talaka ba ya zaɓen shugaban ƙasa da hannunsa. Depite yake zaɓa, wato ɗan majalisa, su 113 ne, kuma jagoran jam'iyyar da ta fi kujeru shi ke zama Shugaban Majalisar Ministoci. Soja, kuɗi, naɗe-naɗe, hulɗa da ƙasashen waje, duk a hannunsa suke. Wa'adinsa shekara 6, kuma muddin jam'iyyarsa na da rinjaye ba wanda zai ce masa ya isa haka. A zaɓen Afrilun 2024 jam'iyyar UNIR mai mulki ta kwashe 108 cikin 113 ɗin nan, saboda haka ranar 3 ga Mayu 2025 jagoranta Faure Gnassingbé ya hau wannan kujera. A ranar ce kuma 'yan majalisa suka zaɓi wani dattijo, Jean-Lucien Savi de Tové, ya zama Shugaban Jamhuriya. Shi nasa rawani ne da alkyabba, a gaishe shi, ya sa albarka. In kana neman inda wuƙa da nama suke, kar ka ɓata takalminka zuwa wurinsa. Akwai kuma majalisar dattawa sabuwa fil, mutum 61, ana naɗa 20, kansiloli su zaɓi 41.

'Yan adawa sun ce an yi duk wannan ne don a kewaye ƙa'idar wa'adi biyu da aka dawo da ita a 2019. Ni dai ban ga inda suka yi ƙarya ba. Ka lissafa da kanka: an sami 'yanci ranar 27 ga Afrilu 1960, sojoji suka kashe shugaba na farko, Sylvanus Olympio, ranar 13 ga Janairu 1963, Eyadéma ya karɓa a 1967 bai saki ba sai da rai ya yi halinsa a 2005, ɗansa Faure ya ɗora. Ni da furfurata, gida ɗaya na sani a kan mulki.

Kuma kar ka auna mu da ma'aunin Najeriya. Ba mu da jihohi masu baitulmalinsu da majalisarsu ta yin doka. Yankuna 5 ne, a ƙarƙashinsu akwai firifektoci 39, wato gundumomi, kowanne da shugabansa, firife, wanda daga Lome ake naɗo shi. Abin da ya matso kusa da talaka shi ne ƙananan hukumomi 117, waɗanda aka yi zaɓensu a 2019 bayan an shekara 32 ba a yi ba. Kansiloli ke zaɓen magajin gari a tsakaninsu, kuma shi ne mai rumfar kasuwa da kwata da takardar haihuwa. Mu 'yan kasuwa, wannan ofis ya fi mana fadar shugaban ƙasa zafi.

To, mu zo kan raƙumi da akala.

Kakanmu da kakarku uwa ɗaya uba ɗaya, ka sani. Fataucin goro ya fito da shi ta hanyar Gwanja, ya yada zango a Sansanin Mango, daga baya ya gangaro Lome ya zama dillalin shanu. Zongon da ya zauna a tsakiyar birni take, dab da kasuwa. A 1977 hukuma ta ce a tashi. Ina ɗan shekara tara, kuma abin da na fi tunawa shi ne babanmu a kan rufi yana cire kwano ɗaya bayan ɗaya, yana miƙo wa yayana, yana cewa a tattara ƙusoshin a gwangwani kar ko ɗaya ta ɓata. Aka kwashe mu zuwa Aguwe, arewa da gari, wurin da a lokacin daji ne da sauro. Yau manyan gine-ginen bankuna ne a tsohon wurin. Dattawanmu ba su yi zanga-zanga ba. Sun sa manyan riguna, sun je sun yi gaisuwa, sun roƙi fili da ruwa da makabarta. Darasin da suka ɗauka, wanda suka shayar da mu, shi ne baƙo ko ya shekara ɗari, ran da aka ga dama za a tuna masa.

Sarkin Zongo kuma kar ka ɗauka irin sarkinku ne. Ba dogarai, ba ƙasa. Jama'a ke tsayar da shi, amma sai hukuma ta ba shi takardar amincewa sannan maganarsa ke da nauyi a gaban firife ko jandarma. Aikinsa sulhu: rikicin aure, bashi tsakanin mai gida da baƙonsa, yaron da aka kama ba takarda, gawar matafiyi da ba a san danginsa ba. Mutumin da ke neman alfarma irin wannan kullum safiya, da wane baki zai zagi mai ba da ita?

Sai maganar nasiyonalite, takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ba ita, ba katin ɗan ƙasa, ba fasfo, ba aikin gwamnati. Haihuwa a Togo kaɗai ba ta isa ba, sai ka nuna tushen uba ko uwa. Da na je nema wa babban ɗana, wani ma'aikaci ya dubi sunanmu, ya dube ni, ya ce daga Nijar ko Najeriya? Na amsa masa da Ewe, yaren mutanen Lome, tsantsa, wadda ta fi tasa gishiri, na ce kakana a nan aka binne shi. Duk da haka sai da na yi ta zarya wata da watanni. Wanda ya sha wannan, in ya samu takardar, ba ya wasa da ita a bakin titi.

Ba wai Musulmin ƙasar duka shiru suke ba. A watan Agustan 2017 ɗan adawa Tikpi Atchadam ya fito da jama'a zanga-zanga, garin Sokode da ke tsakiyar ƙasar ya ɗau wuta, da aka kama wani limami a can cikin Oktoba abin ya ƙara ƙazancewa. Amma su Kotokoli, mutanen Sokode, 'yan ƙasa ne da garuruwansu da gonakinsu, ba mai ce musu ku koma inda kuka fito. Mu a Zongo wasu samari sun fita, dattawa kuwa suka bi gida-gida suna jan kunne.

Yaran yanzu ba su yarda da mu ba, in gaya maka gaskiya. Ɗan nan nawa da na sha wahalar takardarsa ya ce shirunmu ne ya sa har yau kwatar unguwa ke shiga ɗakuna da damina. Wai zai tsaya kansila. Na tambaye shi a wace jam'iyya, ya ce bai yanke ba tukuna. Uwarsa ta ce in hana shi. Ban hana ba, na dai ce ya fara zuwa ya gaida Sarkin Zongo, ya kuma sa hula.

Ka gaida Inna da yara. Goron da ka ce in aiko, sai direban Kano ya taso ranar Laraba.